Asalin Ƙadandoniya da Nawa Asalin

Ni dillalin hatsi ne, kuma ba gadon sana'ar na yi ba. Da dako na fara a kasuwar hatsi ta Gombe, ina sauke buhunan masara da wake daga motocin ƙauye har wuyana ya yi kanta. Daga dako na koma awo, daga awo na kama rumfa, yau ina da shago da sito. Abin da kasuwa ta fara koya mini shi ne kada in yarda da bakin buhu, in soka ƙarfe can ƙasa in ga abin da zai zubo. Na yi wa manoma haka, na yi wa fataken kudu haka, ban ji kunyar kowa ba. Mutum ɗaya ne ban taɓa soka wa ƙarfe ba, shi ne ƙanena.

Uwarmu ɗaya da shi, uba kowa da nasa. Mahaifina baƙo ne da ya zo cin rani, ya auri mahaifiyarmu Dada, ya rasu ina goye, ba wanda ya san hanyar garinsu. Daga baya Dada ta auri wani tela a unguwar Nasarawo, ta shiga gidansa da ni a bayanta. Irina ake kira agola. Amma a cikin gidan nan ban taɓa jin kalmar ba. Na fara jin ta ne a bakin wata maƙwabciya, ranar da na yi dambe da ɗanta. Da labari ya kai wa Baba, wato telan, ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinkinsa, ya tafi ƙofar gidan mijinta da almakashi a hannu, ya manta bai ajiye ba. Ya ce, "Yaron nan da sunana ake kiran sa. Wanda hakan bai yi masa ba, ya daina gaishe ni." Daga ranar unguwa ta kama bakinta.

An daɗe kafin a haifi ƙanena. Lokacin da idon Baba ya mutu, daga baya shi ma ya rasu, ni na riga na kama rumfa, sai karatun yaron ya dawo wuyana. Ban ɗauke shi nauyi ba. Ɗan Baba ne, ni ma ɗan Baba ne, babba kuma shi ke riƙe ƙarami.

Tun yana ƙarami mayen ƙwari ne. In damina ta sauka, ƙadandoniya ta cika bayan gidanmu, sai ka same shi a tsugune yana taɓa ta da tsinke don ya ga ta naɗe kamar gammo, Dada tana yi masa ihu daga madafa. Ya yi jami'a, ya karanta ilimin dabbobi, ya fara koyarwa, ya yi aure. Da aka yaye 'yarsa ta fari, ya ɗauko ta da kansa ya kawo gidana a unguwar Arawa, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ya ce, "Hamma, ga taka." Hamma yake kira na, wato yaya. A ɗakin matata ta yi haƙori na biyu, ni na kai ta makaranta, ni nake zare mata ido in ta yi rashin ji. Bappa take ce mini, amma in aka tambaye ta gidansu, Arawa take nunawa. Tun tana yawo da ɗan kamfai na san cewa wata rana ni zan zauna gaban liman in ba da aurenta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ba abin faɗa ba ne, kamar mutum ya ce gobe zai wanke fuskarsa.

Ana nan ya samu tafiya ƙasar waje ƙaro karatu. Na tambaye shi abin da zai karanta, ya ce ƙadandoniya.

Na ce, "Duk dabbobin Allah, ba shanu, ba kaji, sai wadda ke cinye wa manomana irin gyaɗa a cikin rami? In ita kake so, ka zauna, damina na zuwa, in sa a cika maka buhu."

Ya yi dariya ya ce, "Hamma, ba irin tamu ba ce."

Ya yi shekaru yana zuwa yana komawa. A wani zuwan ne ya same ni a shago da la'asar, ciniki ya lafa, muna zaune da maƙwabcina mai sayar da riɗi, wani Batangale mai barkwanci, da wani Inyamuri da ke sayen wake a wurina yana kaiwa kudu. Ƙanena ya fito da wata kwalba daga jaka. A cikin ruwan magani ga wani abu a dunƙule, mai sheƙi, ya kusa girman lemon zaƙi, sai ka ce an goge shi da mai.

Mai riɗi ya leƙa ya ce, "Dakta, wannan ƙwallon wace ƙungiya ce?"

Ƙanena ya ce ita ce ƙadandoniyar tasa. Tamu doguwa ce, naɗewa take yi. Wannan gajera ce mai faɗi, in ta ji motsi sai ta dunƙule, kai da ƙafafu duk su shige ciki, ba kafar da ko tsinke zai samu. Ya ce babu ita a ƙasashenmu na nan. Ana samun ta a kudancin Afirka, da tsibirin Madagaska, da Indiya, da ƙasashen gabas da ita har Ostareliya.

"To ga tambaya," in ji shi. "Ba ta tashi, ba ta iyo, in ta yi babban yawo ta zagaya gindin bishiya. Tsakanin waɗannan ƙasashe kuma teku ne. Wa ya kai ta?"

Mai wake ya ce, "Direban tirela ne. Su ne ke da iyali a kowane gari."

Muka kwashe da dariya. Ƙanena ya jira muka gama, sannan ya ce ba ita ta yi tafiya ba, ƙasar ce ta yi tafiya da ita. Wai a can zamanin da ba mutum, duk waɗannan ƙasashe a haɗe suke wuri ɗaya. Sai suka rabu a hankali, kamar ƙwarya ta fashe, kowace sakaina ta tafi da ƙadandoniyar da ke kanta, suka ci gaba da haihuwa a inda suka samu kansu, kamanninsu na sauyawa kaɗan-kaɗan. Na ce masa ni dai na san Allah ne Ya halicce su. Ya ce shi ma ya sani, sawun yadda aka rarraba su kawai yake bi.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne na Madagaska. Ya zana mana da yatsa a kan ƙurar buhu: ga Afirka, ga tsibirin a gefenta kamar ɗan akuya kusa da uwa, ga Indiya can nesa. Kowa zai ce na tsibirin dangin na Afirka ne, tunda ga su kusa. Ashe ba haka ba ne. Danginsu na kusa suna Indiya, domin tsibirin da Indiya sun daɗe a manne da juna bayan sun bar Afirka. Ana gane haka ta wasu ƙananan gaɓɓai da suke gogawa su yi ƙara, da kuma gwajin ƙwayoyin halitta. Ya ƙara da cewa akwai wani ɗan ƙwaro mai ruwan toka da ke zama a wuri mai laima, shi ma yana dunƙulewa tsaf kamar ita, amma ba abin da ya haɗa su, shi dangin ƙaguwa ne.

"A aikinmu, Hamma," ya ce, yana mayar da kwalbar cikin jaka, "zama kusa ba ya sa dangantaka, kama ma ba ta sawa. Tsatso ake bi."

Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na yi shekaru ina maimaita ta a kasuwa. In manomi ya gauraya mini wake iri biyu ya ce ai duk ɗaya ne, sai in ce masa ƙanena Dakta ya ce kama ba ta sa dangantaka, zauna ka tsince. Ina alfahari da ita kamar ni na ƙirƙiro ta.

Dada ta rasu. Ƙanena ya dawo gida gaba ɗaya, ya yi gini a Tumfure, inda sababbin gidaje ke tsirowa a tsakiyar gonaki. Yarinya ta gama karatunta tana gidana. Sai ga wani saurayi ma'aikacin gwamnati ya fara sallama a ƙofata, mai natsuwa, ɗan wani babban gida na cikin gari, irin gidajen da ke iya lissafa kakanninsu har a gaji da saurare. Ita tana son sa, na bincika ban samu abin ƙi ba. Manyansa suka zo gidana da goro, na karɓe su a falo, muka yi addu'a. Da za su tafi na ce, "Ku biya Tumfure ku gaisa da mahaifinta, don a cika ladabi." Ni da bakina na tura su.

Daga nan al'amura suka fara zuwa mini a gajarce. Sa rana a waya na ji shi. Aka ce a Tumfure za a ɗaura, wai can ya fi fili. Fili kam akwai shi. Matata ce ta fara shinshino wani abu. Wata safiya tana zuba mini kunu ta ce, "Alhaji, ka tambayi Dakta mana, wa zai yi walicci?"

Na ce, "Wa ke tambayar wannan? In na tambaya na zubar da girmana, shi kuma na zarge shi."

Ga wanda bai san yadda muke yi ba: a wurinmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa. Kunya ce. Yana zaune a gefe kamar baƙo, wansa ne ke zama gaban liman a matsayin waliyyi, wakilin ango ya nema, shi ya ce ya bayar. In kuma wan ne ya riƙe yarinyar, to magana ta ƙare, ba a ma tattauna ta. Shi ya sa ban tambaya ba. Shi ma ƙanena ya san ba zan tambaya ba.

Ranar Asabar da hantsi na isa Tumfure cikin sabuwar shadda wadda matata ta sa aka yi wa aiki har ƙasa. An yi ruwa da asuba, masara ta kai kafaɗa a hagu da dama na masallacin. Abokan kasuwa sun cika wurin saboda ni. Mai riɗi ma, da ba ya shiga masallaci, ya zo ya tsaya ƙarƙashin bishiya da hularsa ta zuwa coci. Na ratsa mutane ana ba ni hanya, ana cewa ga uban amarya, na zauna dab da liman, gwiwata na taɓa tasa. Na riga na shirya abin da zan faɗa tun a mota.

Liman ya yi bisimilla ya ce, "Ina wakilin ango?" Wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ina waliyyin amarya?"

Na gyara murya. Sai na ji hannu a kafaɗata. Ƙanena ne, ya sunkuyo, bakinsa kusa da kunnena.

"Hamma, ɗan gusa masa."

Na ɗaga kai. A bayansa ga wani mutum tsaye, ɗan wan Baba ne daga ƙauye. Na san shi, yakan zo gari in zai sayar da akuya, ya kwana a zaurena. Bai taɓa sanin ajin da yarinyar take ba. An ɗinka masa riga irin tawa, har launin.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon su ba. Har cikin masallaci ana jin kukan keke-napep daga titi. Da a kasuwa ne aka yi mini haka, da sai an tara shugabanni. Amma auren yarinyata ne, mutanen ango na kallo, duk abin da na furta a kanta zai zauna. Na tattara rigata na gusa. Mutumin ya zauna a inda na ɗumama. Da aka zo faɗin sunan amarya sai da ya waiwaya, ƙanena ya raɗa masa cikakken sunan. Aka shafa fatiha, na shafa tare da kowa.

A waje mai riɗi ya tare ni yana murna, ya ce, "Alhaji, ban ji muryarka a lasifika ba, ko mura ce?" Ya dubi fuskata, sai ya saki hannuna.

Da yamma aka kawo amarya gidana sallama. Ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwata, lulluɓinta ya jiƙe. Ta ce, "Bappa, wallahi ban sani ba, sai da aka gama na ji." Na ce mata aurenta ya ɗauru, ba abin da ya same shi, ta tashi ta bi mijinta, ta riƙe salla, ta riƙe bakinta. Abin da ke tsakanina da ubanta ba kayan ɗakinta ba ne.

Bayan kwanaki ƙanena ya zo shago. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman a auna masa tiya ɗaya. Na sa aka ba shi kujera, na sallami masu dako.

Ya ce, "Hamma, na san ranka ya ɓaci."

Na ce, "Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce mutanen nan masu bin asali ne. Ranar da suka je Tumfure, baffan angon ya tambaye shi dangin uban yarinya, wa da wa ke nan. A shari'a kuma walicci ta wajen uba yake bi. Ya ji tsoron kada wata rana wani ya ce auren da gyara.

Na ce, "Na tambayi limamin unguwarmu. Uba yana da ikon ya wakilta wanda ya so, ko maƙwabci ne. Kai ma ka san haka, ka fi ni karatu. Bar wannan. Da ya tambaye ka, ni me ka ce a kaina?"

Ya dubi buhunan da ke bayana. "Na ce uwarmu ɗaya."

"Sai me?"

"Sai ya tambayi mahaifinka. Na ce ban san shi ba, ba a san garinsu ba." Ya gyara zama. "Sai ya ce, ashe agola ne. Hamma, ƙarya zan yi musu? Gaskiya ce kawai na faɗa."

Na ce, "Gaskiya ce. Da ya faɗi kalmar, kai me ka ce?"

Ya mayar da idonsa kan buhunan.

Na ce, "To, wannan ɗaya. Na biyu, tun daga ranar zuwa ɗaurin aure ka zo gidana, ka ci tuwona, mun zauna mun tsara abincin baƙi. Me ya hana ka ce, Hamma, ga abin da ake ciki? Da na ji zafi a ɗakina, in wanke fuska, in zo in zauna a sahun baya da girmana."

Ya ce, "Kunyarka na ji."

"A'a. Lissafi ka yi. Ka san in ka faɗa mini a gida zan yi magana, in ka faɗa mini a gaban liman ba zan yi ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai jira sai mota ta tashi sannan ya faɗi farashi."

Ya ce in yi haƙuri, ba a canza komai ba, har gobe ni ne babba. Na ce masa na gane karatun yanzu. Ni ne na bakin gaɓar Afirka, ga ni kusa, tsibiri na kallona ina kallon sa, ashe danginsa na can ƙauye suna kiwon akuya.

Ya ce, "Haba Hamma, kada ka haɗa mutum da ƙwaro."

Na ce, "Ba ni na haɗa ba."

Ya tashi ya tafi. Ban raka shi ba, ban kuma hana a kai masa buhun sabuwar masara da kaka ba, kamar kowace shekara. Ba a jin kanmu. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa, ya tambayi ciniki, in tambayi ɗalibai.

Shekara ta zagayo, babbar 'yata ta cikina ta samu miji. Matata ta fara lallaɓa ni tun kafin a sa rana. Ta ce in ba Dakta walicci, in nuna masa na fi shi, duniya ta gani. Abokaina na kasuwa suka ce in ba limamin unguwa ko wani dattijo, a wuce wurin. Na saurari kowa. Na auna maganar yadda nake auna hatsi, da mudu ɗaya na saye da sayarwa. In ni ba dangin uban 'yarsa ba ne, shi ma ba dangin uban 'yata ba ne. In kuma na ɗauko wani dattijo na zaunar, na rufa masa asiri ke nan, mutane su ce ai gidan haka suke yi.

Aka taru a masallacinmu na Arawa. Na aika masa da katin gayyata da goro, ya zo da wuri, ya zauna a sahun gaba cikin farar riga. Na ga mutane na ba shi hanya. Liman ya tambayi wakilin ango, aka nuna. Ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Ya juya wajen ƙanena.

Na ce, "Ga ni."

Liman ya dube ni ta saman tabarau. "Alhaji, kai da kanka?"

Na ji guna-guni ya tashi a baya, wani tsoho yana cewa subhanallahi, uba da bakinsa. Ban rage murya ba, ga kuma lasifika kusa da ni.

"Ni da kaina, Malam. Ba ni da kowa ta wajen uba."

Liman ya ɗan jira, ko wani zai ce wani abu. Wurin da ƙanena yake zaune ba nisa, ina jin numfashinsa. Da ya ce uffan, ko da "Hamma, ina nan" ne, da na gusa a karo na biyu, na ba shi wurin da daɗin rai. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Liman ya ce a yi salati. Wakilin ango ya nema, na ba da 'yata da bakina.